Littafin Agwagwa Mai Jar Hula

Ajin Malama Darlene Kucera yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiye ƙwallaye, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓace hanya. Nan makarantar sakandaren garin take turo mata samari da 'yan matan da suka shigo jihar Nebraska ta Amurka da girmansu amma ba su taɓa haɗa baƙi da wasali ba, ko a Turanci ko a harshen gidansu. Ta daɗe a wannan aiki, kuma ba ta ɗaukar raini. Duk malamin da ya kuskura ya kira ajinta rabin aji, sai ya yi da-na-sanin buɗe bakinsa.

Baltazar Mateo ya zo mata yana ɗan shekara goma sha takwas, daga duwatsun ƙasar Guatemala, da hannuwa irin na magidanci. Gona kawai ya sani. Ranar farko ya damƙi fensir kamar mai shirin huda fata. Shi da ƙanwarsa Eulalia, 'yar shekara shida da aka sa aji ɗaya na firamare, suna zaune gidan kawunsu Pascual, mai aikin rufin gidaje. Kawun nan kuwa tun farko bai ɓoye ba: ya bar yaron ya je makaranta ne saboda lokacin sanyi ba a hawa rufi. Da zarar gari ya yi ɗumi, in bokon bai nuna komai ba, akwai tsani na jiransa.

Darlene ta san da wannan magana, ita ce ma take hana ta sukuni. Ga wani ciwon kan kuma: littattafan koyon karatu duk na yara ne, daga kyanwa sai agwagwa. Kai, masu buga littattafan nan sai ka ce ba su san ƙato ma yana fara karatu ba. Don haka take naɗe bangon kowanne da takarda ruwan ƙasa, kada a ga saurayi mai gashin baki riƙe da hoton agwagwa. Ta koya wa Baltazar ya riƙa ɗora yatsa ƙarƙashin kalma, ya bi ta harafi bayan harafi. Haka suka yi ta fama har ƙanƙarar sanyi ta fara narkewa.

Ran nan ya karanta littafin agwagwa mai jar hula tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsoma masa baki ba ko sau ɗaya. Da ya rufe, gumi ne a goshinsa. Ita kuwa sai da ta juya tana gyaran allon da bai buƙaci gyara ba, don kada ɗalibai su ga idonta.

Murna ce ta ɗebe ta. Ta tura masa littafin, ta ce ya kai gida ya karanta da ƙarfi, Kawu Pascual ya ji da kunnensa. Baltazar ya ɗan noƙe, ya ce ko a bari sai ya ƙara ƙwarewa. Ta ce babu wani a bari, ta cusa masa shi a jaka da hannunta.

Washegari kujerarsa ba kowa. Rana ta biyu ma haka. A makon aka yi ruwan ƙanƙara mai duwatsu, ya farfasa rufin rabin gari, masu aikin rufi suka rasa inda za su sa kansu don yawan aiki. Ta buga waya har ta gaji, ba a ɗauka.

Ranar Asabar da hantsi ta hango motar Pascual a ƙofar wani gida kusa da coci, ta taka birki. Ga Baltazar can sama yana ɓamɓare tsohon rufi. Kawun ya leƙo ya ce, "Ɗan boko, sauko, ga malamarka ta biyo ka da bulala."

Ya sauko, ya cire hula ya gaishe ta. Ba ta ko amsa da kyau ba ta tambaye shi abin da ya faru. Ya ba ta labari a hankali, da guntun Turancinsa, idonsa a ƙasa. Ya ce a daren, bayan an ci abinci ya fito da littafin, kawu na zaune da abokan aikinsa biyu. Ya ɗora yatsa ya fara. Yana cikin layi na biyu Eulalia ta rataya a kafaɗarsa ta ƙarasa masa. Sai ta yaye takardar bangon, ta yi tsalle ta ce laa, Yaya, ai littafin ajinsu ne, sun gama shi tun kafin Kirsimeti. Ta karɓe ta karanta shi tas, har da kwaikwayon muryar agwagwa.

"Suka yi maka dariya?" in ji Darlene.

"Da ma sun yi, Malama. Ba wanda ya ce uffan. Kawu dai ya ce in nemi takalmin aikina."

Zuciyar Darlene ta karye. Ita da ta ɓata lokaci tana naɗe bango don ta rufa masa asiri, ita ce ta aika shi ya tone kansa a gaban maza. Ta shiga yi masa bayani da sauri: yarinyar ƙarama ce, Turanci take sha safe da yamma, shi kuwa ya yi cikin 'yan watanni abin da wasu suke shekaru ba su yi ba. Ta ce ya dawo ko da rabin yini ne, ita za ta yi wa kawun magana. Ya saurare ta da ladabi har ta kai aya.

"Ban ji haushin Eulalia ba, Malama," ya ce. "Ni na goyo ta a hanyarmu ta zuwa ƙasar nan. Da kin ji yadda take karatu, ko tuntuɓe ba ta yi." Ya ɗago kai ya dube ta. "Idan ta girma, ba za a kawo ta ajinki ba ko?"

"Ba za a kawo ta ba."

"To, madalla."

Ya mayar da hularsa ya kama tsani. A mataki na uku ya tsaya. Akwai takardar gargaɗi mai ruwan ɗorawa manne a jikin tsanin, irin wadda ba mai kallo. Darlene ta ga ya ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko, leɓɓansa suna motsi, ya wuce ta. Ta biyun doguwa ce. Ya fara, ya koma, ya sake farawa. Daga sama Pascual ya kira sunansa, ya ɗauke yatsan ya haye.

Darlene ta daɗe a tsaye da makullin mota a hannu. Ta san kalmar. Tana cikin darasin mako mai zuwa.