Icce Sittin a Gonar Aro

Duk ranar Laraba da yamma, makarantarmu ta 'ya'yan jakadu da ke Yamai ba ta karatu. Kowa sai ya tafi kulob ɗinsa: masu ninƙaya, masu ƙwallo, masu kaɗa jita. Ni Samiratu, da gurbin karatu kyauta ya kawo ni daga wani ƙauye a gefen Filinge, na zaɓi kulob ɗin dashen itatuwa. A nan kaɗai nake ganin na fi su sani.

Shugabanmu wani malami ne, Mushe Ibrah (Mushe muke ce wa malamai maza, daga Faransanci), haifaffen birni, wanda bai taɓa riƙe hauya ba sai in za a ɗauki hoto. Da damina ta faɗi ya ce bana ƙauyenmu za a je. Na ce a dasa a filin lakwal, wato makarantar bokon garin. Ya ce a'a, gona ta gaske yake so.

Farkon babban hutu muka iso da hantsi cikin doguwar mota, da 'yan itatuwa sittin a leda. Babana Kailu ya tafi kasuwar Baleyara da rago. Mushe Ibrah ya tsaya bakin gonarmu, gero ya fara kai ƙwauri, ya ce nan ta yi.

Na matsa kusa da shi na rage murya. Na ce gonar aro ce. Tun zamanin kakana gidan Maidoki suka ba mu ita muna ci, kuma a ƙasarmu ta Kurfai mai aro yana shuka gero da wake, amma ba ya dasa icce, ba ya haƙa rijiya. Wanda ya dasa, ya ce gona tasa ce ke nan.

Mutumin nan sai ya yi dariya, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Itace ya taɓa cutar da wani? Samiratu, gonar nan ta babanki ce ko ba tasa ba?"

Yara ashirin suka zuba mini ido, 'ya'yan masu gidajen bene. Kunya ta kama ni.

"Tashi ta," na ce da harshen garinmu, wato tasa ce.

Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kamar in mari kaina. Suka tattake mana gero da takalmansu masu tsada, suka dasa, suka yi ta hoto. Kafin su tafi har allo suka kafa, da sunan makaranta, a ƙasa an rubuta Gonar Kailu.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya daɗe yana kallon allon, ya sa na karanta masa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya tuɓe riga ya bi layi yana tumɓuke itatuwan ɗaya ɗaya, ni ina tarawa. Sannan ya saɓa allon a kafaɗa muka nufi gidan Maidoki. Babana, dattijo mai furfura, ya durƙusa a ƙofar wani saboda ni.

"Kailu, ni na san ba kai ad da wanga aiki ba," in ji Maidoki. "Amma hoto ya shiga waya, ɗiyana da ke Yamai sun gani. Sun ce ɗiyarka ta yi boko, gobe da takarda za ta zo. In ka girbe na bana, ka bar muna abinmu."

Shekara arba'in, ta ƙare a wuni ɗaya.

Da aka koma makaranta bayan hutu na tarar da hotona a bangon zauren makaranta, ina riƙe da ɗan icce ina murmushin dole. A taron ɗalibai aka ba kulob ɗinmu lambar yabo, aka yi ta tafi. Mushe Ibrah ya miƙa mini makirufo, fuskarsa sai sheƙi take.

"Faɗa musu yadda itatuwanmu ke girma. Baɗi ma gonarku za mu koma, mu ƙara ɗari."

Na karɓi makirufon. Na dubi direkta, na dubi iyayen yara a kujerun gaba, na dube shi.

"Mushe, sai dai ka nemi wata," na ce. "Mu yanzu ba mu da gona."