Kan Karite

Tunda ciwo ya kwantar da Baba, duk abin da na kai masa sai ya kau da kai. Ran nan sai ya ce, "Nelida, romon kifin karite nake marmari."

Karite kuma, a wannan watan? Tekun Araya ta yi mana rowa. Ƙanena Anakleto kullum zai fita da jirgi, ya dawo da fuska a ƙone, ba ko ƙaya. Ni ma Allah ya sani na gaji. Na gaji da wankin zanin gado, na gaji da girkin da kaji ke cinyewa.

Sai ga shi wata Laraba ya kamo guda ɗaya tal, tsawon hannuna. Ya ce sauran sun datse zaren ƙugiya da haƙori sun tsere.

To, a gaɓarmu duk wanda ya sa kafaɗa aka turo jirgi kan yashi, da kifi yake komawa gida. Maƙwabcinmu Fermin ne ya turo, mai 'ya'ya rututu, ya tsaya yana haki yana kallon ƙasa.

Anakleto ya raɗa mini, "Yaya, yau dai a ba shi haƙuri."

"Haƙurin zai dafa musu? Miƙo wuƙa."

Ko ɗar ban ji ba. Tun muna yara kan kifi Baba yake ci, ya tsotse idanun, ya ce tsoka abincin marasa wayo ce. Na yanke kan, na miƙa wa Fermin sauran.

Na dafa da rogo da ɗanyar ayaba, na matsa lemon tsami. Ƙamshin kaɗai ya tayar da Baba zaune. Ya juya cokali a kwanon, ya sake juyawa.

"Ina tsokar?"

"Na ba Fermin, shi ya turo jirgi. Ai ga naka nan, kan kifin sukutum."

Ya ce, "Kin yi daidai, haka ake yi." Sai ya yi 'yar dariya. "Amma ke ma dai, 'yar nan! Wa ya ce miki ina son kan kifi? Ku bakwai ne, kifi ɗaya. Na ɗauka yau da babu yara a gidan, zan ji yadda tsakiyar take."

Ya kurɓi romon kaɗan, ya ture kwanon, ya koma ya kwanta.

Na kwasa da gudu zuwa gidan Fermin, ko takalmi ban saka ba. Na tarar da yaran a ƙofa suna lasar yatsu, kyanwa na jan ƙashin bayan. Matarsa ta fito tana ta sa mini albarka.