Baƙin Kasanda

Sunan ƙauyenmu Kambi, wato zango. Nakan gaya wa ɗalibaina cewa sunan ya girmi gidajen. A nan 'yan dakon hauren giwa suke sauke kaya a zamanin da, in sun taso daga garin Tabora za su bakin teku. Bayan su aka yi sansanin leburorin layin dogo, aka yi na soja, aka yi na masu ciwon barci. Kowane rukuni ya tashi ya bar matattunsa a ƙarƙashin mangwarorin nan. Mu ne na baya, kuma mu ma ba ma ce wa wurin gida.

Shi ya sa kowace shekara, bayan an cire masara, muke tashin zango. Da hantsi a kashe wutar kowane murhu, a ɗaure tabarma da tukunya, a kwashi tsofaffi da kaji, a ƙetare rafi. Mu zauna can sai la'asar, sannan mu dawo mu yi sallama kamar yau muka fara zuwa. Waɗanda ke kwance a ƙasa ba sa damun matafiyi ɗan'uwansu. Mai gida suke nema.

Kasanda ya san haka, a nan aka haife shi. Ya dawo daga haƙar zinariya, ya gina gidan bulo mai rufin kwano. Ranar tashi, yayarsa Milembe ta tsaya a ƙofarsa da ƙunshinta a ka.

"Kai, sarkin taurin kai, fito. Kowa ya ɗaure."

"Yaya, simintin zan ɗora a ka? Ku je ku sha inuwa, ku gaishe min da kaji."

Ta juyo gare ni. "Malama, ke kika koya masa karatu, yi masa magana."

Na ce, "Kasanda, kashe wutar kawai ka zo. Yini ɗaya ne, ɗana."

"Malama, na tsufa a sansanin ma'adinai, gado ɗaya muna karɓa-karɓa. Na gaji da baƙunta. Nan gidana ne."

Da ƙarfi ya faɗa. Milembe ta toshe bakinta da tafin hannu.

Daga ƙetaren rafi muna hango hayaƙinsa, shi kaɗai a duk ƙauyen. Da rana ta take, tsuntsaye suka yi tsit. Karnukanmu suka kwanta suna fuskantar gari. Babu iska, amma ciyawar tsohuwar hanyar fatake ta riƙa kwantawa sannu a hankali, kamar ana taka ta a jere, har zuwa ƙofar Kasanda.

Da la'asar muka same shi a tsakar gida yana tuƙa tuwon masara a babbar tukunya, gumi na zuba. Ya jera duk kwanukansa a ƙasa, an suɗe su tas.

"Sun zo," in ji shi, bai ɗago ba. "Sun tambayi mai gida, na ce ni ne. Sai suka sauke kaya."

"Su wa, ɗana?"

"Kafaɗunsu duk gyambo, Malama. Sun daɗe ba su ci ba."

Milembe ta yar da ƙunshinta ta cafke hannunsa. "Taho mu ƙetare, rana ba ta faɗi ba. Taho, autan Inna, don Allah."

Ya biyo ta har bakin ƙofa. Sai wani ya yi gyaran murya a cikin ɗaki. Ɗakin a buɗe yake, ina kallon cikinsa, ba kowa.

Kasanda ya zare hannunsa a hankali. "Yi haƙuri, Yaya. 'Yan layin dogo suna hanya, a sake ɗora ruwa."

Tun daga ranar bai taka waje ba. Kullum da safe Milembe takan kawo garin masara ta ajiye a bakin ƙofa, ta kira sunansa, ta jira har ya amsa. Ba ta shiga.