Kyaftin Ɗaya Gare Ni

A gidanmu na Bukuru, in an ce Kyaftin, Babanmu ake nufi. Soja ne, kuma da yake Inna ba ta faɗin sunan miji, da muƙaminsa ta riƙa kiransa har ranar da aka kawo gawarsa daga bakin aiki. Tun daga ranar kalmar ba ta sake fita daga bakinta ba.

Yaya Uzairu kuwa ɗan fari ne, shi ma ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Kai" ne, ko "wancan". Yakan yi dariya in an yi zancen, amma ni ƙanwarsa na san abin yana ci masa rai.

Da kamfanin jiragen sama da yake wa aiki ya ɗaga shi zuwa babban matuƙi, ya zo gida da igiya huɗu a kafaɗa. Nan da nan unguwa ta ɗauka, kowa Kyaftin, Kyaftin. Duk sanda aka faɗa a zaure sai in ga Inna ta ɗago kai ta dubi ƙofa, sannan ta koma kan tsintar shinkafarta. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Baffa Gwadabe, ƙanin Baba, mai sana'ar katako, ba ya ganin abu ya yi shiru.

"Wane irin Kyaftin kuma? Direba ne fa, sai dai motar tasa na da fiffike. Yayana da jininsa ya sami sunan nan."

"Baffa, haka ake kiran wanda rayukan fasinja ke wuyansa," in ji Yaya. "Ba ni na ƙirƙiro ba."

Amma shi ma ya lura da yadda Inna ke duban ƙofa. Ya je ya durƙusa a gabanta.

"Inna, in kin ce a daina, daga yau an daina."

Ta amsa tana tsince tsakuwa.

"A wurin aikinka ka amsa, ka sha wahalarsa. A gidan nan kuwa Kyaftin ɗaya gare ni."

"To, Inna."

Ya miƙe, har ya kai bakin ƙofa.

"Uzairu," ta ce a hankali. "Dawo ka ci abinci."

Ya tsaya riƙe da labule, bai juyo ba. Daga inda nake zaune ina ganin kafaɗunsa suna rawa.