Kwalbar da Inna Ɗelu ta Ɓoye Cikin Wake

Inna Ɗelu sai da ta haura sittin kafin ta koyi karatu a makarantar matan unguwa, nan Madarunfa. Bana kuwa ta ci alwashin sauke Alƙur'ani da idonta cikin azumi, izu biyu kullum.

To, azumin ya faɗo cikin zafi. Da azahar ta yi sai idanun su bushe ƙamas kamar an watsa musu rairayi, baƙaƙen su cuɗe da juna. Rakiya, matar ɗanta, ma'aikaciyar asibiti ce, ta kawo mata maganin ɗigawa. Tana ɗigawa sai ga ɗaci a maƙogwaro. Innalillahi, azumi ya karye! Ta ƙudurta ramuwa, ta tusa kwalbar cikin buhun wake.

Kwana shida karatu na ja da baya. Rannan Rakiya ta zo ɗibar waken ƙosai, sai ga kwalba a kwano.

"Inna, waken ne ke ciwon ido?"

"Ke dai bari, 'yar nan. Maganinku ta ido yake shiga, a wuya yake sauka. Ni da azumina?"

Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta durƙusa gabanta. Ta ce akwai 'yar hanya daga ido zuwa hanci, ta nan maganin ke gangarawa maƙogwaro. In ta ɗiga, ta rufe idon, ta danne gefen da ke kusa da hanci da yatsa, ta yi salati goma. Ruwa kuma ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan bayan shan ruwa, ta daina karatu gaban fanka.

Inna ba ta yarda ba sai da aka tambayo liman. Ya ce in bai kai maƙogwaro ba, azumi na nan. Ta gwada, ta haɗiye yawu, ta saurara. Babu ɗaci. Daga ranar ta koma izu uku.

Ran ashirin da tara, bayan la'asar, ta kai ƙarshen Nasi. Sai ga hawaye shar, nata na kanta.

"Inna, ashe kina da su kika bar mu da sayen na kwalba?"

"Ja'ira! Matso in sa miki albarka."

Ta dafa kan Rakiya, ta daɗe tana yi.