Garken Kifi Biyu

Mikail ya rungume akwatin farin soson a kan cinyarsa, ya ce wa mai Keke Napep ɗin ya bi a hankali. Ba su yi nisa da ƙofar filin jirgi ba kuma ya ce masa ya ƙara wuta.

"Malam, ka zaɓi ɗaya mana," in ji mai keken. "Ƙwai ne a ciki?"

"Kifi ne."

"Kifi? A jirgin sama? A garin nan da ake sauke bandar Baga mota-mota?"

"Masu rai ne. Daga teku."

Mai keken ya leƙo shi ta madubi, ya girgiza kai, ya murɗa hannun keken.

Ƙarfe goma na safe ya kamata jirgin ya sauka, sai ga shi ya iso biyu saura. Watan Afrilu ne, ranar Maiduguri tana dukan kwalta har tana narkewa. Mikail ya lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, amma kafin su shiga layukan Maisandari buhun ya bushe ƙarau. Ya ɗora tafinsa a kan murfin. Ƙanƙarar da mai sayarwar ya ce ya saka daga Legas, babu alamar sanyinta.

Sati shida ke nan da ya kafa tankin gilashin a falon mahaifiyarsa, Ya Falmata, domin shi ne ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Da hannunsa ya haɗa gilasan, shi da dama gyaran waya da haɗa sola ne sana'arsa a Kasuwar Kwastam. Ya dama gishirin teku da tataccen ruwa, ya jera duwatsu masu huda-huda, ya sa injin juya ruwa, ya ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Sannan ya bar shi haka babu ko kifi ɗaya, don duk bidiyon da ya kalla cewa suke yi sai ruwan ya nuna tukuna. Sati shida yana auna ruwan da babu komai a ciki, har 'yan gidan suka sa masa suna makiyayin dutse.

Ya Falmata ce ta fi kowa jin jiki. Mace ce da ko kwana ɗaya ba ta taɓa barin falonta babu turaren wuta ba, amma tun da Mikail ya ce hayaƙin zai shiga ruwan, ta mayar da kaskonta tsakar gida tana mita. Mahaifinsa kuwa, Alhaji Abakar, magana ɗaya ya yi. Mutum ne da aka haifa a bayan garke, ya yi shekara arba'in yana bin shanu a bakin Tafkin Chadi kafin zamani ya dawo da shi gari ya zama dillali a kasuwar shanu. Bai manta da raguna ukun da ya ba Mikail kiwo shekara huɗu da suka wuce ba, waɗanda yaron ya ɗura wa dusa da wake a rana ɗaya don su yi saurin ƙiba, cikinsu ya kumbura suka mutu.

"Kai ba ka da hannun kiwo, gaggawa gare ka," in ji Alhaji. "In waɗannan ma suka mutu, gilashin nan ya fita daga gidana, uwarka ta koma turarenta. Kuma kada in ƙara jin ka kawo wani abu mai numfashi."

Da keken ya tsaya a ƙofar gida, Alhaji yana zaure da sandarsa da hularsa, yana shirin komawa kasuwa. Ya ga ɗansa ya wuce shi a guje ko sallama bai ƙarasa ba, sai ya fasa fita, ya bi bayansa.

Mikail ya yanke salatif ɗin, ya ɗaga murfin. Leda biyu ne a ciki, an hura su da iska an ɗaure. A ƙaramar akwai wani ɗan curi mai ruwan ƙasa, bai kai girman goro ba. A babbar kuma kifaye biyu ne, kowanne kamar tsawon ɗan yatsa, ruwan lemo da fararen zane uku-uku. Ɗayan yana yawo a hankali. Ɗayan, wanda ya fi ƙanƙanta, yana kwance a ƙasan ledar ta gefe ɗaya, kunnuwansa na buɗewa da rufewa da sauri.

Ya Falmata ta leƙo. "Su ke nan? Waɗannan ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Ina murjanin da ka ce?"

"Ga shi nan a ƙaramar ledar, Ya."

"Wannan? Ni da nake da murjani a wuyana tun kafin a haife ka, za ka nuna mini kashin awaki ka ce murjani ne?"

Mikail bai ji ta ba. Ledar da ke hannunsa ɗumi gare ta kamar ruwan wankan jego. Ya laluba cikin akwatin yana neman siririyar robar da ya ce a haɗo masa da ita, wadda ake ɗiga ruwa da ita. Babu. Ya zazzage takardun ciki, babu. Ya dubi kifin da ke kwance, ya dubi tankin da ke gabansa, ruwa garau, mai sanyi, yana juyawa. Duk abin da ya karanta cikin sati shida ya fice daga kansa. Ya warware robar bakin ledar, ya ɗaga ta zai juye.

Sandar Alhaji ta sauka a kan damtsensa. Ba duka ba ne, tarewa ce, irin wadda ake yi wa saniyar da za ta faɗa gonar mutane.

"Me za ka yi?"

"Baba, mutuwa zai yi! Ruwan ya yi zafi!"

Alhaji ya taɓa ledar da bayan hannunsa, sannan ya taɓa gilashin tankin.

"Ajiye," ya ce. "Na ce ka ajiye, Mikailu."

Ya ajiye.

"Wata shekara an kawo mana shanu daga arewa, kwana uku a tirela ba su ga ruwa ba. Wani mai tausayi ya buɗe musu kwamin ruwa ya ce su sha su ƙoshi. Kafin la'asar huɗu sun faɗi. Ba ƙishirwar ce ta kashe su ba, ruwan ne. Dabbar da ta sha hanya, inuwa ake fara kai ta. Ta huce. Sannan kaɗan, a jira. Kaɗan, a jira. Su mutanen cikin wayar taka ba su gaya maka haka ba?"

"Sun faɗa, Baba. Robar ce ba a sako ba."

"To fara da inuwar."

Mikail ya sake ɗaure babbar ledar, ya ɗora ledojin biyu a saman ruwan tankin suna yawo, domin zafinsu ya sauka a hankali. Ya kashe fitilar tankin. Ya Falmata ta saki labule ba tare da an ce mata ba. Alhaji ya jawo darduma ya zauna dab da gilashin, ya ɗora haɓarsa a kan sanda.

Saura robar. Mikail yana tunanin yadda zai yi da cokali sai ya ji ƙarar ƙofar maƙwabta. Sista Phebe ce, malamar jinya 'yar Biu da ke haya a gidan da ke jikin nasu, ta dawo daga aikin safe. Ya fita ba takalmi.

"Sista, don Allah kina da robar ƙarin ruwa?"

Ta saki jakarta. "Wane ne? Baba ne? Ya Falmata?"

"Kifi ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mikail, awa takwas ina tsaye a kan ƙafata. Ka san ina da allura a jakar nan ko?"

Amma ta ɗauko. Ta shigo falon da farin kayanta, ta durƙusa ta gaishe da Alhaji, ta leƙa ledar, nan da nan fuskarta ta koma ta aiki.

"Wayyo, ɗan ƙaramin. Numfashinsa ya yi sama. Ina ne jijiyar da za mu sa masa?"

"Ba a jikinsa ba, Sista. Daga tankin zuwa bokiti."

Bayan minti ashirin Mikail ya juye kifayen da ruwansu cikin sabon bokiti, ya ajiye ɗan murjanin a gefensu. Phebe ta yanke kan robar, ta jefa bakinta guda cikin tankin. Ruwa ya ƙi zuwa, sai an zuƙa. Ɗaya bakin robar yana kusa da Alhaji, bai jira kowa ba ya ɗauka ya kai baki, kamar yadda ya saba jawo ruwa daga duro da tiyo. Ya zuƙa da ƙarfi.

Sai ya furzar a kan babbar rigarsa, yana tari, idanunsa suka kawo ruwa.

"La'ilaha illallahu! A cikin wannan suke zaune?"

"Haka teku yake, Baba."

"Duk girmansa?"

"Duka."

Ya Falmata ta yi dariya har ta dafa bango. Alhaji ya goge gemunsa, ya sake lasar leɓensa a hankali. Shekararsa saba'in bai taɓa ganin teku ba, yau ga shi ya ɗanɗana shi a falon matarsa.

Phebe ta murza ɗan tayan da ke rage gudun ruwa a jikin robar har ruwan ya koma ɗigo. Ɗis. Ɗis. Ɗis.

"Ya yi sauri," in ji Alhaji.

Ta rage. "Haka, Baba?"

"Haka."

Suka zauna su huɗu suna kallon bokiti. Fanka tana juyawa, zufa tana bin bayan Mikail. Sau biyu hannunsa ya kai kan ɗan tayan don ya ƙara, sau biyu ya janye da kansa, ya danne hannun a ƙarƙashin cinyarsa. Alhaji ya gani. Wayarsa ta yi ƙara, Haruna ne abokin dillancinsa, ya kashe. Aka kira la'asar, suka yi salla a tsakar gida suka bar Phebe tana gadi. Da suka dawo ruwan bokitin ya ninka. Mikail ya kwashe rabi ya zubar, aka ci gaba da ɗigo.

Alhaji ne ya fara gani. "Ya ɗaga wutsiya."

Ƙaramin kifin ya motsa, ya mirgina, ya sake kwanciya. Sai kuma ya miƙe sosai. Ya tsaya cak a tsakiyar ruwan yana kaɗa 'yan fukafukansa, sannan ya yi wani irin rangaji da dukkan jikinsa ya nufi ɗan'uwansa.

"Yauwa!" in ji Phebe, ta tafa hannu. "Na sallami mara lafiyata."

Mikail ya auna gishirin bokitin da na tankin, sun zo daidai. Ya auna zafi, daidai. Ya sa ɗan ƙoƙon roba ya kamfato su ɗaya bayan ɗaya, ya nutsa a bakin ruwan ya bari suka fita da kansu. Suka gangara ƙasa, suka ɓuya a bayan dutse. Ya manna ɗan murjanin a kan wani dutsen inda ruwa ke kaɗawa, ya janye hannunsa.

Can sai wani ɗan kai mai ruwan lemo ya leƙo. Babban ya fito, ƙaramin yana biye da shi, suka zagaya duwatsun da Mikail ya yi sati shida yana kiwo, suna shiga wannan rami suna fita ta wancan kamar sun san wurin.

Da rana ta yi sanyi Mikail ya kunna shuɗiyar fitilar tankin kaɗan. Ɗan curin nan ya fara buɗewa. Wasu ƙananan furanni suka fito daga jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kore shar kamar an kunna musu wuta daga ciki, suna kaɗawa da ruwan. Ya Falmata ta matso har hancinta ya taɓa gilashi, hannunta a kan murjanin wuyanta.

"Ikon Allah. Ashe da ransa yake." Ta miƙe ta gyara mayafi. "To ai baƙi sun sauka lafiya, bari in ɗauko kasko in turara musu ɗakin."

"Ya!" in ji Mikail.

"Falmata," in ji Alhaji, bai ko waiwayo ba, "turarenki ya zauna a tsakar gida. Akwai dabbobi a ɗakin nan."

Wayarsa ta sake ƙara. Wannan karon ya ɗauka, muryar Haruna tana fita har kowa na ji, yana cewa masu sayen bijimai sun gaji da jira.

"Su dawo gobe," in ji Alhaji. "Yau ɗana Mikailu yake shigar da dabbobinsa, ba zan iya tasowa ba." Ya saurara. "A'a, ba shanu ba. Daga teku suke. Ba ka san irinsu ba."

Ya ajiye wayar, ya ci gaba da bin su da ido irin kallon da yake yi wa saniya kafin ya yi mata kuɗi.

"Babbar nan mace ce. Dubi yadda take jan gaba. Kada ka ba su abinci yau."

"Sai gobe, Baba. Kaɗan."

"Kaɗan." Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ƙara matsowa, ya ƙirga su da yatsa kamar za su ƙaru. "Amma biyu ai ba garke ba ne. Ga wuri nan fal. Ka kira mutumin Legas ɗin ya ƙaro huɗu ko biyar, a sako su jirgin jibi."

Mikail ya naɗe robar Sista Phebe a hannunsa, ya rataye ta a ƙusar da ke jikin tankin.

"Sai bayan wata guda, Baba," ya ce. "Kada mu yi gaggawa."