Jan Tabo a Tafkin Kanar

Ni Magdalene ba na yafiya da wuri, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Shekara huɗu mijina Haggai, tsohon saje, yana kula da tafkin wankan da Kanar Solomon ya gina a gidansa na Rikoto. A 2006 Kanar ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ce da ruwanta za a riƙa cika tafkin. Haggai ya ce ruwan akwai ƙarfe a cikinsa. Kanar ya ce saje ba ya koya wa kanar aiki.

Ba a yi wata biyu ba jajayen tabo suka feso a ƙasan tafkin. Kanar ya tara dattawan cocinmu, ya ce jini ne, wai Haggai ya yi masa asiri. Aka kore shi daga aiki, aka hana shi cin jibin Ubangiji a coci. A kasuwa mata suka daina ko taɓa tumatirina. Na tsani mutumin nan, tsana mai hana cin abinci.

Sabon mai kula da tafkin ya yi ta antaya sinadarin kulorin, tabo sai ƙara ja yake, ruwa ya koma kamar shayi. Ga bikin 'yar Kanar saura sati guda. Sai ga direbansa da saƙo, wai Haggai ya zo.

"Ce mishi shi tara dattawan nan duka," na ce, tun Haggai bai buɗe baki ba.

Mun tarar an kwashe ruwan, dattawa sun jeru a baki. Haggai ya yanka lemun tsami, ya miƙa wa Kanar rabi.

"Yallaɓai, kai za ka sauka. In ni na taɓa, cewa za a yi asirina na karya."

Kanar ya tattare babbar riga, ya sauka, ya durƙusa ya goga lemun a kan tabon. Wurin ya yi fari fat.

"Da ganye na ko jini, da kulorin ya ɗauke shi tuni," in ji Haggai. "Tsatsar burtsatse ta, dattawa."

Babban dattijo ya sunkuyar da kai, ya ce Lahadi Haggai ya zo gaba ya karɓi jibi.

Daga can ƙasa Kanar ya ce, "To Saje, sai ka dawo aiki."

Na sauke kwandon lemun da na zo da shi a bakin tafkin.

"Gona gare shi yanzu, Yallaɓai. Ga lemu nan kyauta. Ai mun ga ka iya."